Whot ko UNO: wace karta za ka sayo wa gida?

A hutun makarantar da ya wuce yaran 'yan'uwa suka cika mana gida a Birnin Kebbi, na ce bari in samo abin da zai raba su da waya. Na sayo Whot da UNO, wasan tsakar gida kawai, ba kuɗi ba caca. Kafin hutu ya ƙare na gane cewa daɗin karta da ɗacinta duk suna wajen katunan da ake tauye abokin wasa da su, masu hana shi jefawa ko cika masa hannu. Su ya kamata mai saye ya fara dubawa.

Whot kati 54 ce, babu 6 babu 9 a cikinta. Yadda muke buga ta a Najeriya, 2 fik tu ce (na gaba ya ɗauki kati biyu), 5 fik tiri (ya ɗauki uku), 8 ta tsallake na kusa da kai, 1 ta ba ka damar sake jefawa, 14 kuwa janaral maket, sauran 'yan wasa kowa ya tafi kasuwa, wato ya ɗauki kati ɗaya. Na baje su a tabarma na ƙirga: 1 da 2 da 5 kowace biyar-biyar, 14 huɗu, 8 uku. Kati 22 ke nan cikin 54, shi ya sa wasan ke da zafi. Abin da ke daidaita shi, a gidaje da yawa in an jefa maka 2 kana iya tarewa da taka 2, nauyin ya wuce kan na gaba. Sai ka tsaya lissafi: in jefa ta yanzu, ko in ajiye ta garkuwa? Wannan lissafin ne ya sa nake son Whot.

Amma in mutum biyu ne, tana da mugunta. Na ga babban yaro ya jera wa ƙaninsa 1, 8, 14, 2, ƙaramin bai taɓa katinsa ba aka ce las kad, wato babban saura masa kati ɗaya. Ya juyo idonsa cike da ƙwalla ya ce, “Kawu, ni yaushe zan yi?” Daga ranar na hana buga ta sai mutum uku zuwa sama.

UNO daga Amurka ta fito a 1971, kamfanin Mattel ke yin ta yanzu. Ta asali kati 108 ce, na tsallakewa 8, na ɗauki-biyu 8, na ɗauki-huɗu 4 kacal, don haka duka ba ya yawa. Ɗauki-huɗun ma da sharaɗi: ba ka jefa shi sai ba ka da launin da ke ƙasa. Wanda aka jefa wa yana iya cewa a duba hannunka. In ka yi ha'inci kai za ka ɗauki huɗun, in gaskiyarka ce shi ya ɗauki shida. Dokar kamfanin kuma ba ta yarda a ɗora ɗauki-biyu kan ɗauki-biyu ba, ko da yake yaran Whot ba sa jin wannan magana.

Akwai sabuwa ta 2023, UNO Show 'Em No Mercy, kati 168, har da ɗauki-goma, kuma wanda katinsa ya kai 25 ya fita. Matasa za su so ta. Ni dai ba zan kawo ta cikin ƙanana ba, don yaron da aka fitar da wuri zaman kallo zai yi.

In manya ne uku ko huɗu, ɗauki Whot. In yara ne rututu, UNO, don ko wanda bai iya lamba ba ya san ja da kore. Ka nemi ta roba, zufar bazarar Kebbi na jiƙa ta takarda ta kumbura. Kuma ka ƙirga katunan a gaban mai shago, musamman Whot: lamba 20 guda biyar za ka gani.