Sifikar da za ta iya da aji mai ɗalibai sittin

Duk malamin da ya taɓa kunna bidiyo a laftof a gaban aji ya san abin da ke biyo baya. Na layin gaba uku suna ji, na tsakiya suna miƙa wuya, na baya kuwa sun koma hirarsu. Sifikar da ke jikin laftof an yi ta ne don mutum ɗaya a ɗaki, ba don aji mai fanka biyu da tagogi a buɗe da ƙarar janareton maƙwabta ba. Ni dai bidiyon zagayawar jini ne ya fara kunyata ni a ajin SS2, daga nan na shiga neman sifika, kuma sai da na yi asarar kuɗi sau biyu kafin na gane abin da nake nema.

Abin da zan fara faɗa shi ne wanda masu shago ba sa faɗa: ka nemi sifika mai ramin AUX, wato ɗan ƙaramin ramin nan na milimita 3.5 irin na iyafis. Bluetooth yana da daɗi a gida, amma a aji fitina ne. Sauti yakan ɗan makara, sai ka ga bakin mai magana ya rufe kafin kalmar ta iso, yara kuwa ba sa barin irin wannan ya wuce ba dariya. Sannan yawancin waɗannan sifikoki suna kashe kansu idan aka jima ba sauti. Ka tsayar da bidiyo ka yi bayani a allo, ka dawo ka danna, shiru. Ko kuma wayar wani malami da ta taɓa haɗuwa da ita ta wuce ta bakin taga ta kama ta. Da igiya yawancin wannan fitinar tana raguwa. Ka soka, ta yi magana.

Shi ya sa zaɓina Anker Soundcore Motion+ ce, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙarfinta wat 30 ne, tana da ramin AUX, ana cajinta da USB-C, kamfanin kuma ya ce batirinta yana kai awa 12. A hannuna, idan na ƙure murya, bai kai haka ba, amma caji ɗaya yana yi mini darussan kwana biyu zuwa uku, wanda ya wadatar a inda ba a san ranar da NEPA za ta waiwayo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take fitar da muryar mutum. Tana da ƙananan sifikoki biyu na musamman don siririn sauti, shi ya sa haruffa irin su "s" da "t" suke fita tas har bencin ƙarshe, kuma a darasin da ake magana da Turancin Ingila ko na Amurka, waɗannan haruffan su ne ke raba yaro da fahimta ko rashinta. Fuskarta ta ɗan kalli sama, don haka ko a kan teburin malami ka ajiye ta, sautin ba ya ƙarewa a ƙirjin 'yan layin gaba. Akwai maɓallin ƙarin bes, wato kaurin sauti, a samanta. Ka kashe shi. A aji mai siminti da rufin kwano ba silin, bes gurnani kawai yake zama, ya cinye maganar. Nauyinta kusan kilo ɗaya ne, tana shiga jakar laftof tare da caja da littafin rajista. Aibinta biyu, ba ta da arha, kuma ba kowane shago ake samunta ba.

Wasu za su ce ina JBL? Sauti kam suna da shi. Amma tun daga Flip 5 suka cire ramin AUX, Flip 6 ma babu, Charge 5 ma haka. Idan ka samu Flip 4 ko Charge 4 ta gaske mai lafiyayyen batir, ka ɗauka. Creative Pebble da ƙananan Logitech masu shan wuta daga USB suna da sauƙin kuɗi kuma ba ruwansu da caji, sai dai na ofis ne ko ajin yara ashirin, kuma batirin laftof ɗinka suke tsotsa. Oraimo tana ko'ina, farashinta da dama-dama, a duba dai ko samfurin yana da rami kafin a biya. Babban akwatin nan mai tayoyi da makirfo, irin na masu tallan maganin gargajiya, ya dace da taron iyaye da malamai a fili. A cikin aji kuwa ajin da ke kusa da kai ne zai kawo ƙararka.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Sifikata ta farko na saye ta ne a wani shago, kwalinta fes, sunan babban kamfani a jiki, farashi kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na ji ana faɗa. Yaron shagon ya ce, "Malam, wallahi orijina ce, kwantena ce ta zo da araha." Ya kunna mini waƙa mai kiɗa, shagon ya ɗauka, na biya ina murna. Washegari a aji na ƙure ta, muryar mai bayani ta koma kamar ana magana cikin gwangwani, kafin a tashi tara ta mutu. Da na koma, sai ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit: kaya idan ya fita ba ya dawowa.

JBL tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma gane ta ba wuya idan ka san abin dubawa. Flip da Charge na gaske ba su da ramin memori, ba su da rediyon FM, ba a soka musu filash a kunna waƙa. Idan ka kunna ka ji muryar mace tana sanar da kai da Turanci cewa Bluetooth ya shirya, ajiye musu kayansu. Ta gaske ɗan sauti kawai take yi. Sunaye irin "Charge Mini" kamfanin bai taɓa yin su ba. Ka ɗaga ka ji nauyi, domin jabu ba ta da maganaɗisu da batirin kirki, ko da yake nauyin ma ba hujja ba ne tunda mun ga fawa bank da aka cusa wa yashi. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne manhaja: ka sauke JBL Portable ko Soundcore a wayarka tun daga gida, ka haɗa a gaban mai shago. Idan manhajar ba ta ga sifikar ba, magana ta ƙare, duk rantsuwar da zai yi.

Kada kuma lambobin kwali su ruɗe ka. Abu kamar gwangwanin madara a rubuta masa wat 1000, ka duba da kyau za ka ga PMPO a gefe, ma'aunin talla ne da ba ya nufin komai. RMS ake dubawa, wato ma'aunin ƙarfinta na gaskiya. Aji mai yara hamsin zuwa sittin, wat 20 zuwa 30 na gaskiya sun isa. Haka ƙarfin batir da ake bugawa a jikin jabu, abin da mai bugawa ya ga dama ne. Masu sayarwa a intanet ma a yi hattara, hoton ta gaske suke sawa su aiko da wata. In ba za a bari ka buɗe ka gwada kafin ka biya ɗan aike ba, ka haƙura. Ta hannu kuwa, wadda ake kira beljiyom, sau da yawa ta gaske ce, amma batirin ya gaji, don haka a bar ta tana aiki minti talatin a gabanka.

Ranar saye ka tafi da laftof ɗinka, da igiyarka, da bidiyon da mutum yake magana zalla ba kiɗa. Ka ƙure murya, ka ja da baya taku goma har bakin titi, ka ji ko kana tsintar kalmomi. Igiyar AUX ka sayi biyu, ita ce ke fara tsinkewa ta wuya.

Wani abu da ya taɓa sa na zargi sifikata a banza: da zarar ka soka majigi ta HDMI, Windows yakan karkatar da sauti zuwa majigin, sifika ta yi tsit. Ka danna alamar sauti a ƙasan allo ka mayar da shi. Idan kuma dole ta sa ka yi amfani da Bluetooth baki ya saɓa da murya, a manhajar kunna bidiyo ta VLC maɓallan J da K suna matsar da sautin gaba ko baya har su daidaita. Ita kuma sifikar, kada ka bar ta kusa da laftof a bayan littattafai. Ka ɗora ta a kan abu mai tsayi, ko da kwalin alli ne a kan tebur, ta fuskanci bencin ƙarshe.