Yaro ya tsumbure: kwalbar amino asid, ƙwai ko garin waken suya?

Idan yaro ya kasa sa'anninsa tsawo, uwa takan nufi kemis, a miƙo mata sirof mai rubutun amino asid a ce zai gyara hanji ya sa girma. Kafin ki zaro kuɗinki, ki san abin da kike saye.

Amino asid su ne sinadaran da jiki ke gina tsoka da bangon hanji da su. Guda 9 daga cikinsu jiki ba ya iya haɗawa da kansa, sai daga abinci. A 2016 masu bincike sun auna jinin yara 313 a Malawi, suka tarar waɗanda suka tsumbure suna da ƙarancinsu. Wannan gaskiya ne. Sai dai ba hujja ba ce cewa ɗura wa yaro su a cokali zai ƙara masa tsawo. A Gambiya an gwada ba jarirai masu jinkirin girma glutamin, wani nau'in amino asid, don ya gyara hanjinsu, sakamakon da ya fito a 2007 bai nuna amfani ba. Shi ya sa kwalbar kemis ce ta ƙarshe a wajena, ga tsada kuma. Wasu sirof ɗin buɗe ciki ma akwai siproheptadin a ciki, mai sa barci, wanda bai dace da yaron da bai kai shekara biyu ba. Garin gina tsoka da masu ɗaga ƙarfe ke sha kuwa, ko kusa kada a ba yaro.

Matsalar kokonmu a fili take. Gero, dawa da masara duk suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin guda 9 ɗin. Wake, waken suya, kifi, madara da ƙwai ke cike wannan giɓi. A Ghana akwai KOKO Plus, ɗan ƙulli mai waken suya da laisin da ake zubawa a koko. A gida ma za ki iya soya hatsi da waken suya da gyaɗa ki niƙa, abin da ake kira Tom Brown, ki dama da kauri, ba tsululu ba. Idan na leda za ki saya a Najeriya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ƙwai fa? A wani gwaji a ƙasar Ekwado, ba yara ƙwai ɗaya kullum na wata shida ya rage tsumburewa sosai. Da aka maimaita a Malawi, tsawon yara bai ƙaru ba. Duk da haka zan saye shi kafin kowace kwalba, domin yana ɗauke da dukkan guda 9 ɗin.

Ɗan ƙullin man gyaɗa mai giram 20 da asibitoci ke ba 'yan wata 6 zuwa 24 yana da hujja mai ƙarfi. In ana rabawa, ki karɓa. Babban kuwa, Plumpy'Nut, magani ne na tamowa mai tsanani, kyauta ake bayarwa bayan awo. Kada ki saye shi a kasuwa, rabon wani yaron ne aka karkatar.

Shi kuma hanji, ruwa marar tsabta da kashin kaji a inda yaro ke rarrafe ne ke kumbura shi har ya kasa tsotse abinci. Kuɗin sabulu da tsabtace ruwan sha su shiga lissafi, a ci gaba da ba da nono. In ƙafafun yaro sun kumbura, ko awon damtsensa ya kai wurin ja a jikin ma'aunin, a wuce asibiti a ranar.