Roys Peak ko Isthmus Peak: wanne ya fi dacewa da mai kwana ɗaya a Wanaka?

Ɗan'uwa, ka ce kwana ɗaya kacal za ka yi a garin Wanaka da ke tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, kana son hawan dutsen da za ka hango tafki daga bisansa, amma ka rasa na zaɓa tsakanin waɗannan biyu. A tsawon tafiya kusan kunnen doki suke, domin kowannensu kimanin kilomita 16 ne zuwa da dawowa, kuma zai ci maka sa'a biyar zuwa bakwai.

Roys Peak ya fi tsayi, mita 1,578, kuma farkon hanyarsa bai wuce kilomita shida daga gari ba. Hanyar faffaɗa ce, tana lanƙwasa dama da hagu cikin makiyayar tumaki, babu bishiyar da za ka fake, babu ruwan sha, hawa ne tsagwaronsa tun daga wurin ajiye mota. Can sama za ka ga Tafkin Wanaka shimfiɗe da tsibiransa, da dutsen Aspiring mai mita 3,033 sanye da farin ƙanƙara. Sai dai wurin da hotonsa ya cika intanet ba shi ne ƙololuwa ba. Wani siririn tudu ne da ke ƙasa da ita da tafiyar kusan rabin sa'a, kuma lokacin zafi mutane kan yi layi a kansa, kowa yana jiran a ɗauke shi. Wannan layin ne ya sa raina bai kwanta da Roys ba, don mutumin da ya yi sa'a uku yana haki ya cancanci ya zauna shiru.

Isthmus Peak bai kai mita 1,400 ba, kuma sai ka yi tafiyar kusan rabin sa'a a mota ta babbar hanya mai lamba 6. Yana tsaye ne tsakanin tafkuna biyu, saboda haka tun kana hawa Tafkin Hawea yake bayanka, idan ka kai sama kuma Tafkin Wanaka ya bayyana a ɗaya gefen, ga ciyawa ruwan zinariya tana kaɗawa, mutane ba su kai na Roys yawa ba. Shi nake ba ka shawarar ka hau.

Amma ka duba ranar tafiyarka tukuna, domin hanyoyin biyu sun ratsa gonakin mutane. Ana rufe Roys daga 1 ga Oktoba zuwa 10 ga Nuwamba saboda haihuwar tumaki, Isthmus kuwa daga 20 ga Nuwamba zuwa 20 ga Disamba saboda haihuwar bareyi. Daga Yuni zuwa Agusta hunturu ne a can, ƙanƙara kan rufe saman duka biyun.

Ka kama hanya da zarar ka idar da sallar asuba, ka ɗauki ruwan da zai ishe ka sha da alwala, da hula, da rigar sanyi ko da ana rana, domin iskar sama tana ratsa jiki. Ka kuma tanadi sanda, saboda a saukowa ne gwiwa take shan wahala.