Albasar Galmi da nake saye a Adjen Kotoku

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da wake da shinkafa a unguwar Nima da ke Accra, kuma shitona, wato soyayyen yajin da muke zubawa a kai, ba ya haɗuwa sai da albasar Galmi ta Nijar. Na gwada ta Bawku, ba laifi, sai dai ƙanana ce, ɓawonta kaɗai ya isa ya cinye wa yarana safiya. Ƙatuwar nan ta Turai kuwa ruwa ce zalla, tana shiga mai sai ta narke ta bar tukunya ba ƙamshi. Ta Galmi ja ce mai ɗan duhu, mai faɗi kamar an danne ta da tafin hannu. Wuƙa na taɓa ta ido ya kawo ruwa. Idan ta soyu a hankali yajinta ya koma zaƙi, shito ya yi mako biyu bai juya ba.

Tun 2021 da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka kai su Adjen Kotoku, can bayan Amasaman, sayenta ya zama tafiya. Da asuba nake fita. A wurin wani dattijo Ba'adare nake saye, mutumin wajen Madawa, wanda ba ya ƙosawa da ciniki, kuma yakan ɗaga mini rabin kuɗi zuwa Juma'a.

Buhun watan jiya ne ya ɓata mini rai. Samansa tas, kowace tana sheƙi. Da muka zazzage a gida sai wari ya tashi, tsakiya ta yi laushi tana tsatsafo da ruwa. Kwano shida na zubar. Na koma na ce, "Baba, me ya faru?" Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, hanya ce." Bai yi musu ba, ya ciko mini kwano huɗu daga wani buhu. Biyun na yafe.

Kuma gaskiya ya faɗa. Da, motoci kan ratsa Burkina Faso su shigo Ghana ta arewa. Da 'yan bindiga suka addabi hanyar Fada Ngurma, direbobi suka koma ta Gaya da Malanbil. Sai ga juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar, aka rufe iyaka, tireloli suka tsaya a bakin Benin albasa na ruɓewa a ciki. ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe, sai dai mota ta zagayo ta Najeriya. Albasar da aka danƙara a buhu, aka rufe da tamfal cikin zafin nan, kowane kwana ɗaya da ta ƙara a hanya a tukunyata yake fita. Manomin da ya sha wahalar ban ruwa a Galmi ma bai ga riba ba, ni ma ban gani ba.

Mai son saye ya je daga Maris zuwa Mayu, lokacin sabuwa ta sauka kuma da rahusa. Daga Satumba ta rudu ce, wadda aka ajiye, ga tsada ga tsiro. Ni yanzu sai an farke mini gefen buhu na zura hannu har gwiwa na shinshina kafin in ƙirga sidi. Baba dariya yake yi, ya miƙo mini wuƙar da kansa.