Ƙarshen Breaking Bad da na Game of Thrones: me ya raba su?

Ɗan'uwanmu na Tawa ya yi tambaya mai kyau. Ya ce ya gama kallon waɗannan shirye-shirye biyu masu dogon zango, kuma a dukkansu an rufe labari da mutuwar wanda aka fi zuba wa ido, Walter White a Breaking Bad, Daenerys mai neman gadon sarauta a Game of Thrones, amma na farko ya bar shi da natsuwa, na biyu kuwa ya tashi da ɓacin rai, shi ne yake son sanin dalili. Ɗan'uwa, mun sha wannan gardama a fadarmu nan Yamai har shayi ya huce, ga kuma inda na tsaya.

Yawan masu kallo ba zai raba mana gardama ba. Kashin ƙarshe na Breaking Bad, wanda tashar AMC ta nuna a watan Satumba na 2013, mutum kimanin miliyan 10 ne suka kalle shi a Amurka, yayin da na Game of Thrones, da HBO ta nuna ranar 19 ga Mayu 2019, ya tara fiye da miliyan 19. Duk da haka na biyun ne mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake shirya zangonsa na ƙarshe.

Bambanci na farko yana ga yawan bashin da kowane labari ya ɗauka. Breaking Bad labarin mutum ɗaya ne, Walter, malamin kimiyyar sinadarai a garin Albuquerque wanda ciwon daji ya kama, ya shiga haɗa miyagun ƙwayoyi da hujjar bar wa iyalinsa abin dogaro, kuma tun farko mai shirin, Vince Gilligan, ya bayyana cewa nufinsa shi ne ya nuna yadda salihin mutum yake rikiɗewa ya zama mugu. Saboda haka tambayoyin da suka rage a ƙarshe kaɗan ne: ina kuɗin za su, me zai sami Jesse, abokinsa a harkar ƙwayoyi, kuma ko Walter zai faɗi gaskiya. An amsa dukkansu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsayuwar Walter gaban matarsa, inda ya daina fakewa da iyali, ya amsa cewa don kansa ya yi komai, domin wannan ce kalmar da mai kallo ya jira tsawon kashi 62. Game of Thrones kuwa ya ɗauko gidajen sarauta masu yawa, da yaƙin matattu daga arewa, da asalin Jon Snow, ɗaya daga cikin manyan jaruman shirin, da rikicin gadon mulki, kuma kowanne daga cikinsu ya isa a yi masa zango guda.

Na biyu, wanda a ganina shi ne tushen matsalar, lokaci ne. Breaking Bad ya ba zangonsa na ƙarshe kashi 16, aka raba su gida biyu tsakanin 2012 da 2013. Game of Thrones ya saba da kashi 10 a kowane zango har na shida, sai aka rage zuwa 7 a na bakwai, aka koma 6 a na takwas, wato a daidai lokacin da kaya suka fi nauyi aka gajarta hanya. Barazanar Sarkin Dare, shugaban rundunar matattu, wadda aka yi ta gina ta tun daga matattun da aka nuna a buɗewar shirin a 2011, a dare ɗaya aka kawar da ita a kashi na uku. A kashi na biyar Daenerys ta ƙone birnin da ya riga ya miƙa wuya, a na shida Jon ya kashe ta, aka naɗa Bran, ɗan'uwan Jon, sarki. Ban yarda da masu cewa wannan hali ba nata ba ne, domin an sha nuna zafin hukuncinta ga maƙiya tun tana Essos, nahiyar da ta yi gudun hijira. Sai dai tsakanin ƙona maƙiyi da ƙona mata da yara akwai tazara, kuma ba a ba mu damar ganin ta tana taka wannan tazarar ba, alhali Walter mun bi shi taki-taki, kowace ƙarya da kowane kisa a gabanmu aka yi su. Sauri ya haifi nawa a nan, tunda har yau mutane ba su gama haɗiye abin ba.

Akwai kuma batun littattafai. George R. R. Martin, marubucin littattafan da aka gina Game of Thrones a kansu, ya fitar da na biyar a 2011, shirin ya wuce inda ya tsaya, sai masu shiryawa suka ci gaba da abin da ya tsegunta musu na makomar labarin ba tare da cikakken rubutunsa ba. Kada dai a ɗauka cewa marubutan Breaking Bad sun tsara komai tun farko: sun nuna babbar bindiga a bayan motar Walter a farkon zango na biyar ba su san wanda za a harba da ita ba, amma sun zauna suka nemo amsar da ta dace da halin mutumin da suka gina.

Breaking Bad ma yana da abin zargi, domin komai ya tafi wa Walter daidai a daren ƙarshe fiye da yadda ya cancanta, kuma wasu daga abokan hirarmu suna ganin an yi masa sassauci. Na fahimci ƙorafinsu, amma bai hana ni sake kallonsa daga farko zuwa ƙarshe ba. Game of Thrones kuwa na sake komawa gare shi sau ɗaya, ina jin daɗinsa ƙwarai, na tsaya a ƙarshen zango na shida.