Bas mai layinsa ko jirgin ƙasa na cikin gari?

In gari ya cika ya batse, wanne ya fi? Ni dai bas mai layinsa daban na zaɓa gaskiya, don titi yana nan, shinge kawai za a sa a gina tashoshi, Kuritiba ta Brazil tun 1974 ta fara, Bogota ta Kolombiya ta bi a 2000. Sai dai in ba a tsare layin ba masu ƙananan motoci za su afka ciki, shikenan an koma gosulo.

Jirgi kuwa yakan fi kwasar jama'a, amma kuɗin shimfiɗa dogo da wuta da gyara ba wasa ba ne, na Addis Ababa da aka buɗe a 2015 rashin kayan gyara ya sa an jingine jirage da yawa.