Kafin ka sayi manhajar gwajin fayiba, duba inda kuskuren yake

Wani ɗalibin ajin ƙarshe ya same ni a Birnin Kebbi da laftof a hannu, ransa a ɓace. Aikinsa na kammala karatu shi ne sauya tsawon zangon haske cikin zaren fayiba, kuma duk gwajin da ya yi a kwamfuta kurakuran bit (wato 0 da 1 na saƙon) sun yi yawa, hoton idon sigina, zanen da ke buɗewa kamar ido idan siginar tana da kyau, a rufe ruf. Ya ce, "Malam, manhajar ce ba ta da kyau, wacce zan saya?"

OptiSystem na kamfanin Optiwave da ke Kanada shi ne ya fi sauƙi ga mai koyo. Ka jawo leza, ka jawo zare, ka haɗa su a allo, ma'aunin kuskure ya nuna maka sakamako nan take. Lasisinsa da dala ake biya, don haka ka fara tambayar sashenku ko suna da shi. VPIphotonics na Jamus ya fi zurfi, masu bincike da kamfanoni ke amfani da shi, amma ga aikin digirin farko nauyinsa ya wuce buƙata. MATLAB, ko Octave da Python waɗanda kyauta ne, kai za ka rubuta lissafin tafiyar haske da hannunka. Akwai wahala, sai dai ranar kare aiki babu tambayar da za ta kayar da kai. Ni dai ga mai ƙaramin ƙarfi a Aliero ko Birnin Kebbi, wajen Octave da Python nake tura shi.

Amma yaron nan ba manhaja ce damuwarsa ba. Da muka buɗe zanen, famfon haskensa, wato leza mai ƙarfi da ake haɗawa da sigina don a sauya ta, yana kan mitar haske ta 193.1 THz (terahertz), siginar tana kan 193.0. A cakuɗuwar igiyoyi huɗu (four-wave mixing), hanyar da ya bi wajen sauyawar, sabon hasken yana fitowa a ninki biyu na famfo a cire sigina, wato 193.2. Shi kuwa filtarsa, wadda ya kamata ta tace sabon hasken, tana nan zaune kan 193.0. Muna matsar da ita, ido ya fara buɗewa.

Saura zaren. Ya sa fayiba ta gama-gari, wadda a tsawon zango na 1550 nm (nanomita) take warwatsa haske sosai, kusan 17 ps/nm/km a ma'aunin warwatsuwa, sabon hasken ya fito a raunane. Wannan aiki yana son zare na musamman, famfo kusa da inda warwatsuwar take sifili. Mai amfani da SOA (wata ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin haske) a maimakon zare kuma sai ya tuna akwai salon da ke juya sigina, 1 ta koma 0, ma'auni ya yi ta ƙirga kuskuren da babu shi.

Abin da ake nema shi ne kuskure 1 cikin biliyan 1, wato Q, ma'aunin ingancin sigina, kusan 6. Kuɗin da ya tara na lasisi, na ce ya ƙara RAM da batir, don dogon jerin bit yana cin lokaci, wuta kuma ba ta jiran gwaji ya ƙare.